HAƊARIN ITATUWA DANGIN KWAKWA DA SAURAN SHUKE-SHUKEN GIDA

Gabatarwa

Daga Badagry, inda kwakwa ta jeru a bakin teku, har zuwa Dutse, inda dabino ke nuna, jama'ar ƙasar nan suna samun abinci da mai da tabarma da igiya da azara daga itatuwan nan dangin kwakwa, watau kwakwar manja, da kwakwa, da giginya, da goruba, da dabino. Haka kuma kusan kowane gida akwai abin da aka shuka don shinge, ko don magani, ko don ado. Duk wannan alheri ne, kuma ana so a ƙara.

Amma kowace shekara asibitocinmu suna karɓar magidanta da suka faɗo daga itace suka karye a baya, da yara da suka ci 'ya'yan wata shuka suka kama amai, da mata da ruwan wani ganye ya faɗa musu a ido. Galibin waɗannan haɗura ana iya kauce musu. Wanda ya auku kuma, sau da yawa abin da aka yi cikin sa'ar farko shi ke raba mai warkewa da wanda zai nakasa. Wannan darasi zai bayyana hanyoyin da cutar ke zuwa, da yadda za a tare ta, da abin da za a yi in ta riga ta auku. Ya fi shafar waɗanda aiki ko fatauci ya kai su wani sashe na ƙasa, domin 'ya'yansu za su tarar da shuke-shuken da iyayen ma ba su san su ba.

1. Faɗowa daga bisa itace

Kwakwar manja da ta tsiro da kanta a kurmi takan kai tsawon mita 20. Masu yanko 'ya'yanta suna hawa ne da igiya wadda ke kewaye kugunsu da jikin itacen. In igiyar ta tsinke, ko ƙafa ta zame, babu reshen da zai tare mutum sai ƙasa. Tun cikin shekarun 1980 likitoci a Enugu suka ba da rahoton cewa faɗowa daga kwakwar manja tana cikin manyan abubuwan da ke karya ƙashin baya a wannan yanki. A cikin ƙashin baya kuwa laka take, ita ce ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa hannu da ƙafa da mara. Lakar da ta tsinke ba ta sāke haɗuwa. Mutum sai ya shanye daga wurin karayar zuwa ƙasa, ya kasa riƙe fitsari da bayan gida. Mafi yawan masu hawan nan su ke ciyar da gida, saboda haka faɗowar mutum ɗaya kan jefa iyali duka cikin wahala. Irin wannan haɗari yana kan masu hawan dabino da giginya da kwakwa.

Ga abin da mai hawa zai kiyaye:

(a) Ya duba igiyarsa kowace safiya, musamman wajen ƙulli. Igiyar da ta fara zarewa a yar da ita.
(b) Kada ya hau bayan an yi ruwa, domin jikin itacen yana santsi, kada kuma ya hau ana iska ko hadari ya taso.
(c) Kada ya hau in ya sha abin da ke sa maye ko barci. Mai farfaɗiya da mai yawan jiri su bar hawa sam.
(d) Kada ya tafi shi kaɗai. A sami wani a ƙasa, amma ya tsaya nesa da gindin.
(e) Kafin ya sa hannu cikin ganye, ya duba ko akwai rina, ko zuma, ko maciji. Da yawa firgita ce ke sa su sakin igiya.

Hanyar da ta fi duka ita ce a rage hawan. Cibiyar binciken kwakwar manja ta ƙasa, wadda ke kusa da birnin Benin, wadda asalinta ya faro tun 1939, tana samar da ingantaccen iri mai suna Tenera, wanda ke fara 'ya'ya cikin shekara uku zuwa huɗu. In an dasa shi a gona, daga ƙasa ake girbinsa: da farko da ƙarfe mai faɗin baki, in ya yi tsawo kuma da lauje a kan doguwar sanda. Sai dai a lura ƙwarai, kada sandar ta kusanci wayar lantarki.

2. Abin da ke faɗowa daga sama

Hausawa na cewa inuwar giginya na nesa ka sha ta. Ban da ma'anar da aka sani, akwai hikima ta lafiya a ciki, gama ɗan giginya nunanne yakan kai kilo guda ko fiye, kuma daga can ƙololuwa yake sakowa ba sallama. Kwakwa ma haka. In ta faɗo daga tsawon mita 25, tana isowa ƙasa da gudun kusan kilomita 80 a sa'a, watau gudun mota a kan babban titi. A shekarar 1984 wani likita mai suna Peter Barss ya rubuta bayani a kan mutanen da kwakwa ta faɗo wa a ƙasar Papua New Guinea, har da waɗanda ƙoƙon kansu ya fashe. Curin 'ya'yan kwakwar manja kuwa yakan kai kilo 10 zuwa 25, ga ƙaya a jikinsa. Dogayen kwakwar ado da ake dasawa a bakin titi da harabar ofisoshi su ma busasshen ganyensu yakan ɓalle gaba ɗaya, yana da nauyi ƙwarai.

Saboda haka kada a shimfiɗa tabarma, ko a kwantar da jariri, ko a kafa teburin sana'a a gindin waɗannan itatuwa lokacin 'ya'yansu. Wanda ke kusa da ɗaki, ko hanya, ko filin wasan yara, a riƙa sauke masa 'ya'ya da busassun ganye kafin su faɗo da kansu. Sabon dashe kuwa a nisanta shi daga gini da wayar lantarki.

3. Ƙaya

A gindin ganyen dabino akwai ƙayoyi masu tsini da ƙarfi, wasu sun fi yatsa tsawo. Kwakwar manja da goruba su ma suna da ƙaya a jikin karan ganyensu. Illar wannan ƙaya ita ce bakinta yakan karye a cikin nama. Bakin ciwon sai ya rufe, a ɗauka an warke, bayan mako biyu ko wata guda gwiwa ko yatsa ya kumbura, ya yi zafi, ya ƙi lanƙwasuwa. Hoton ƙashi da aka saba ɗauka sau da yawa ba ya nuna ƙaya, saboda haka lalle ne a gaya wa likita cewa ƙaya ta taɓa sokar wurin, ko da an daɗe, don ya san irin binciken da zai yi.

Sukar ƙaya tana iya shigar da cutar sarƙe-haƙora, wadda ƙwayarta ke zaune cikin ƙasa da kashin dabbobi. Duk wanda ƙaya ta soka sosai ya wanke da ruwa da sabulu, ya je a duba ko yana bukatar allurar rigakafi. Kada a sa ƙasa, ko toka, ko kashin shanu a kan rauni. In ƙaya ta shiga ido, kada a cire ta a gida, kada kuma a murza. A kife ƙaramin kofi mai tsabta a kan idon, a ɗaure ba tare da dannawa ba, a tafi asibiti nan take.

4. Maciji, wuta, tsawa da sauro

Tarin busasshiyar kaba da ɓawon kwakwa a bayan gida maɓoya ce ta ɓera, inda ɓera yake kuwa maciji na nan tafe. Kububuwa, wadda wasu ke kira gobe-da-nisa, da kasa, da gamsheƙa duk suna son irin wannan wuri, haka kuma kunama. A lokacin hunturu tarin nan kamar fetur yake, tartsatsi kaɗan ya ishe shi. Da damina kuma, ƙoƙon kwakwa da aka yar yana tara ruwa, sauron da ke yaɗa cutar shawara yana ƙyanƙyasa a ciki. A kwashe, a binne, ko a ƙone nesa da gida ranar da babu iska. Har ila yau, kada a fake a gindin dogon itace ana tsawa, gama aradu ta fi faɗa wa abin da ya fi tsawo a fili.

5. Shuke-shuke masu dafi a 'ya'yansu

Yaro ƙarami da baki yake gane duniya. Duk abin da ke da kyaun launi, ko ya yi kama da gyaɗa, zai kai shi baki.

Bini-da-zugu. Ana dasa shi shinge a ko'ina. Ƙwayarsa tana da ɗanɗano kamar gyaɗa, shi ya sa yara kan ci da yawa, kuma a ƙungiya. Cikin rabin sa'a zuwa 'yan sa'o'i sai amai da zawo da ciwon ciki su taso. Babban haɗarin shi ne ƙarewar ruwan jiki.

Zurma. Ƙwayarta mai zane-zane tana ɗauke da dafi mai suna risin, wanda ke cikin mafiya ƙarfi a dafin tsirrai. 'Yan ƙwayoyi kaɗan da aka tauna suna iya kashe yaro. Gaskiya ne a kudu maso gabas ana yin abin ɗanɗanon miya da ita, amma sai an dafa ta ƙwarai an bar ta ta ruɓa kwanaki. Ɗanyarta ba abin ci ba ce.

Idon zakara. 'Yar ƙwaya ce ja wur mai ɗigon baƙi, tana fitowa a jikin wata shuka mai yaɗo a kan shinge. Yara na wasa da ita, wasu na yin tsakiya. Ƙwaya ɗaya da aka tauna sosai tana iya yin kisa. Mugun abin shi ne alamun ba sa fitowa da wuri. Ana iya kwana ɗaya ko fiye yaro na wasa lafiya kafin amai da zawon jini su fara.

Zaƙami. Yana da farin fure mai kama da kakaki da 'ya'ya masu ƙaya. Ba banza ake ce masa haukata-yaro ba. Wanda ya ci ko ya sha, bakinsa zai bushe, jikinsa ya yi zafi ba gumi, baƙin idonsa ya buɗe, zuciya ta yi ta bugawa da sauri, ya riƙa sambatu yana kama abin da babu. Ƙarfin dafin ya bambanta daga wata shuka zuwa wata, don haka babu wanda zai ce ga gwargwadon da ba ya cutarwa. Samarin da ke jiƙa shi don maye da ransu suke wasa. Iyaye kuma kada su ɗauka iskoki ne su ɓata lokaci. Asibiti za a nufa.

Gwanja-kusa. Wannan itace, wanda Yarbawa ke kira ishin, yana da yawa a kudu da tsakiyar ƙasa. Abin da ake ci shi ne farin naman da ke gindin baƙar ƙwayar, kuma sai ɗan itacen ya nuna ya buɗe da kansa a bisa. Ɗanye, ko wanda aka fasa da ƙarfi, yana ɗauke da dafin da ke zubar da sukarin jini. Yaro sai ya yi ta amai, ya galabaita, ya yi jijjiga, ya suma, wani lokaci ya rasu cikin kwana ɗaya ko biyu. A shekarar 1998 an danganta mutuwar yara da dama a kudu maso yammacin Burkina Faso da cin ɗanyen gwanja-kusa. Yaran da ke fama da yunwa su suka fi shiga haɗari.

6. Shuke-shuke masu farin ruwa da na ado

Tumfafiya, da tinya, da aguwa, in an karya su sukan fid da farin ruwa mai kama da nono. Wannan ruwa yana ƙuna a fata, a ido kuwa yana kawo raɗaɗi da kumburi da dushewar gani. Galibi ta hannu yake zuwa: a sare shinge, a manta, a share gumi.

Akwai kuma furannin ado da ake dasawa a makarantu da gidajen ma'aikata. Ɗaya ita ce oliyanda, mai dogayen siraran ganye da fure ja-ja ko fari. Tana da 'yar'uwa mai rawayan fure kamar ƙararrawa, da ɗan kore mai ƙwallo a ciki. Ganyensu da furensu da ƙwallonsu duk suna da dafin da ke rikita bugun zuciya. A ƙasar Sri Lanka asibitoci sun sha fama da waɗanda suka ci ƙwallon mai rawayan furen. Kada a yi asuwaki, ko tsinken tsire, ko makamashi da itacensu, kada kuma a zuba wa dabbobi ganyen. Kariya ma, duk da kyaun furenta, irin wannan dafi gare ta. Tun dā ana kashe kifi da ita.

Cikin shukokin tukunya akwai wata mai faffaɗan koren ganye da ɗigo-ɗigon fari, wadda ake ajiyewa a falo. 'Yar'uwar gwaza ce, amma ƙaiƙayinta ya fi na ɗanyen gwaza nesa ba kusa ba. Yaron da ya tauna ganyen, harshensa da leɓensa za su kumbura, miyau ya yi ta zuba, har magana ta gagara. In kumburin ya kai maƙogwaro numfashi na iya toshewa.

7. Taimakon farko

In mutum ya faɗo daga itace: kada a ciccibe shi, kada a zaunar da shi, kada a ja masa hannu ko ƙafa, kada a ba shi ruwa ko abinci. Mutum ɗaya ya riƙe kansa daidai da jikinsa, wasu uku su mirgina shi gaba ɗaya kamar gungume a kan ƙyaure ko faffaɗan katako. A tare kan da tsumma dama da hagu, a ɗaure, a sa shi a mota a kwance. Kada a ɗora shi a babur, kada kuma a kai shi wurin mai ɗori. Sau da yawa lakar ba ta gama tsinkewa ba a faɗuwar, ɗaukar da aka yi masa ce ke ƙarasa ta.

In abu ya faɗo wa mutum a ka: ko da ya farfaɗo ya ce ba komai, a kai shi asibiti in ya suma, ko yana amai, ko barci na yawan ɗaukarsa, ko jini ko ruwa na fita ta kunne ko hanci.

In yaro ya ci wata shuka: a cire abin da ya rage a bakinsa, a kurkure. Kada a sa masa yatsa don ya yi amai. Kada a ɗura masa manja, ko madara, ko ruwan gishiri. Manja ba ya kashe dafi, in kuma ya sarƙe shi ya shiga huhu, an ƙara masa wata cuta a kan ta farko. Gawayin murhu ba shi ne gawayin magani da ake bayarwa a asibiti ba. A tafi asibiti nan da nan, ko da yaron bai nuna alamar komai ba. A tafi da reshen shukar, da ganye da fure da 'ya'ya in akwai, a faɗi lokacin da ya ci da kimanin yawan abin da ya ci. A tambayi abokan wasansa, watakila su ma sun ci. In ya suma, a kwantar da shi a gefensa, kada a zuba masa komai a baki. In yana amai da zawo amma yana cikin hayyacinsa, a riƙa ba shi ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan a hanya: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. In gwanja-kusa ake zato, a ba shi ruwan sukari muddin yana iya haɗiya.

In farin ruwa ya shiga ido: a buɗe idon a yi ta kwarara ruwa mai tsabta har minti 15 zuwa 20, sa'an nan a tafi asibiti. Kada a ɗiga nonon mace, ko kwalli, ko wani jiƙo. Haka za a yi in gamsheƙa ta yi tofi a ido.

In maciji ya yi sara: kada a ɗaure tamau, kada a tsaga, kada a tsotsa. A cire zobe da munduwa, a ɗaura wa gaɓar itace don kada ta motsa, a ɗauki mutumin zuwa asibitin da ke da allurar dafin maciji. Asibitin Kaltungo a Jihar Gombe ya shahara a wannan aiki.

8. Aikin da ke kan kowa

Mai gida ya zaga gidansa da bayan gidansa, ya san sunan kowace shuka da ke ciki. Wadda bai sani ba ya tambayi malamin gona, ko dattawan wurin in baƙo ne. Inda akwai ƙananan yara, a tumɓuke zurma da idon zakara da zaƙami, a ɗage tukwanen ado zuwa inda hannu ba ya kai. Mai yankan shinge ya rufe hannunsa da idonsa, ya wanke da sabulu in ya gama. Uwa ta koya wa yaro doka guda: kada ka ci ɗan itacen da babba bai ba ka ba. Shugabannin makarantu, na boko da na allo, su duba harabarsu farkon kowace damina, su nuna wa ɗalibai shuke-shuken nan ido da ido. Masu unguwa da limamai da shugabannin ƙungiyoyi su karanta wa jama'a wannan darasi, don wanda bai iya karatu ba shi ma ya amfana. Rigakafi, in ji masu iya magana, ya fi magani.

Tambayoyin bita

1. Kawo abubuwa uku da mai hawan kwakwar manja ko dabino zai kiyaye kafin ya hau.
2. Me ya sa ba a ɗora wanda ya faɗo daga itace a kan babur?
3. Don me za a kai yaron da ya tauna idon zakara asibiti ko da yana wasa lafiya?
4. Yaushe ne gwanja-kusa ke ciwuwa, wane ɓangare kuma ake ci?
5. Wace illa ke cikin ɗura wa yaro manja in ya ci dafi?
6. Zaga gidanku ko makarantarku, ka rubuta sunayen shuke-shuken da ka gani cikin waɗanda aka ambata, da matakin da ya kamata a ɗauka a kan kowace.